Ɗan Tulun Madam ta Hawa na Huɗu

Ni dai tun da uwata ta haife ni a Damagaram giya ba ta taɓa hawa harshena ba, kuma in Allah ya yarda haka za a kai ni makwancina. Amma yau in ka shiga unguwarmu ta Rillieux-la-Pape, can bayan Lyon, ka tambayi tsofaffin da ke jifan ƙwallon ƙarfe a gindin itatuwa wa ya fi sanin jar giya mai kyau mai araha, ta shan yau da gobe, ƙofata za su nuna maka. Akwai ma wanda yake ɗaga mini hula in na wuce. Abin yana ƙona mini rai, kuma ba ni da inda zan kai ƙara.

Aikina shara da goge-goge a benenmu mai hawa tara, kuma a ƙasansa nake zaune. A hawa na huɗu akwai wani tsoho da matarsa, Faransawa. Shi tsohon direban bas ne da ya yi ritaya. Baba nake ce masa, don bakina ba ya iya kiran sa'an mahaifina da sunansa, shi kuma yana ce mini 'yata. Ita kuwa Madam. Madam na fama da gwiwa, saboda haka ni nake kai mata kwalaben da suka shanye can bakin titi, inda ake zuba gilas. Ba ya cikin aikina. Nakan riƙe jakar nesa da zanena, ina tafiya ina istigfari, tana ƙara tana tona mini asiri.

Shekarar da aka yi wa Baba aikin zuciya na hau dubiya. Ba a zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana, sai na dafa zoɓo na kai, da citta da kanumfari da na'a-na'a, irin wanda in ka kurɓa sai ka lumshe ido. Madam ta zuba a kofin gilas, ta ɗaga shi wajen taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja ni kicin ta tambaye ni a hankali ko ana iya yin sa ba sukari. Na ce ana iyawa, amma ba mai sha. Ta ce ba citta fa? Ba kanumfari? Ba ganye? Ruwa da furen kawai, ya yi kauri, a tace shi sau biyu.

Daga ranar, kowace Talata da Juma'a ina hawa da kwalbar wannan ruwan tsami. Na ji haushi ƙwarai. Ba matar da ban gaya wa ba a ƙungiyarmu ta matan Nijar cewa Nasara ba su da harshe. Amma Madam ba ta fasa ba, sai ma ƙaruwa. Kwalba ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma uku. Har na fara jin kaina, ina cewa ko zoɓon da aka tsiraita, in dai hannuna ne, sai an nemi ƙari. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Madam ta rasu cikin sanyin shekarar da ta wuce waccan. Na daina dafa zoɓon, tun da mai shan ta tafi. Baba kuma ya daina cin abinci. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a ɗamararsa, ya ƙara huda wani. 'Yarsa guda ɗaya, tana aiki a Paris, ta zo ta kai shi wajen likita. Da za ta koma ta tsaya da ni a bakin matakala ta faɗa mini gaskiya: nan da wata biyu za a sake auna shi, in bai ƙaru ba za ta ɗauke shi zuwa gidan tsofaffi kusa da ita. Ba muguwa ba ce, idonta ya yi ja tana maganar. Amma na san Baba. Shekara arba'in a ɗakin nan, kujerar Madam na kallon tasa. In aka fitar da shi, ba zai ga damina ba.

Na hau da shinkafa da miyar gyaɗa. Ya gode, ya ture kwanon.

Na ce, "Baba, yunwa za ka kashe kanka da ita? In abincina ne bai yi ba, faɗa mini, ba zan mutu ba."

Ya ce, "Abincinki lafiya lau, 'yata. Giyar ce."

Ya nuna mini hanyar shiga falo. Kwalabe jere a jikin bango, kusan ashirin, kowacce an buɗe an kurɓa an bari. 'Yarsa ce take aiko su daga Paris, masu tsada, wasu har da akwatin katako. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa cin abincin rana ba da jar giya a gefe ba, kuma ba kowacce ba, ta gidansa. Ita ce mai sauƙi, mai ɗan tsami, wadda ba ta sa ciwon kai, ba ta sa barci. Waɗannan kuwa, in ji shi, kamar mutum yana lasar ƙofa.

Na ce to ya sayo ta gidan mana.

Sai ya ɗauko wani ɗan tulun yumɓu mai hannu daga kan tebur. Ya ce a cikin wannan Madam take kawo ta, cike, kullum. Shi bai taɓa ganin kwalbar ba. Bai taɓa zuwa kanti ba, bai taɓa shiga kicin ba sai wucewa. Na dube shi, namiji mai shekara tamanin da ɗoriya, wanda ya san kowace kwana ta garin Lyon, bai san abin da yake zuba wa cikinsa ba. Maza duk ɗaya ne, fari da baƙi.

Ya ce, "Ke kike fitar da kwalaben."

Nan na gane inda aka dosa. Na san ta kuwa. Koriyar kwalba ce, da hoton jaki a jikin takardar. Ban taɓa karanta sunan ba, don ba na son ya zauna mini a kai, amma jakin nan ko a mafarki na gan shi zan gaishe shi.

Na yi wa kaina fatawa a kan matakala, tsakanin hawa na huɗu da na biyu. Ba zan saya ba. Ba zan ɗauka ba. Ba zan taɓa ba. Nuni kawai, shi ma da lema, ba da yatsa ba.

Washegari muka tafi babban kanti, ni da hijabina da lemata, Baba na tura keken kaya. Shekara goma sha biyar ina shiga kantin nan ina kauce wa wannan layin. Ashe gari guda ne. Ga na Bojole, ga na Kot-di-Ron, ga na Bordo, sama har ƙasa. Na bi su da ido ina neman jakina. Ba ya sama inda masu tsada suke, ba ya tsakiya. Can ƙasa na same shi, dab da daɓe, inda sai ka durƙusa, kusa da jarkokin roba. Na miƙa lema. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya ga farashin, ya ce ba zai yiwu ba. Na ce ni dai jaki na sani.

Wani mutum mai gashin baki da ke tsaye yana ta juya kwalba ya matso ya tambaye ni ko tana da kyau. Da na yi shiru da an zauna lafiya, amma bakina ba ya ganin tambaya ya ƙyale. Na ce, "Malam, ni ban san ɗanɗanonta ba. Abin da na sani, wannan ba ta taɓa zuwa hannuna da ragowa ba. Waccan da kake riƙe da ita, mutanen hawa na bakwai ne ke sayen ta in za su yi baƙi, kuma kullum da rabi ake zubar da ita." Haka uwata take gane miyar da ta yi daɗi, ba ta tambayar kowa, kwanon da ya dawo take dubawa. Mutumin ya mayar da tasa, ya durƙusa ya ɗauki jaki biyu. Kafin in ankara an zama mutum uku, ina nuni da lema, wannan ana shanyewa, wannan ana bari, wannan matar hawa na shida a miya kawai take zuba ta.

A haka shugabar ƙungiyarmu ta same ni. Hajiya ce babba, 'yar Maraɗi, mai sayar da atamfa. Ta tsayar da kekenta. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya yara, ya labarin gida, ya jikin Inna, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma duk tsawon gaisuwar idonta na kan bakin lemata. Na amsa duka. Ta ce a gaida gida, ta wuce. Tun daga nan na san kafin azahar labari ya isa Paris.

Da muka koma Baba ya zuba jakin a ɗan tulunsa, ya kurɓa. Ya ce, "Danginta ne, amma ba ita ba ce. Wannan tana da faɗa." Ya ture kwanon abinci kamar jiya. Na sauka raina a ɓace, na zubar da mutuncina a banza.

Da la'asar Yayana ya kira. Alhaji ne, ɗan kasuwa a Clichy-sous-Bois, gefen Paris, shi ne uba a gare ni a ƙasar nan. Gaisuwarsa ba ta wuce kalma uku ba, na san akwai magana. Ya ce, "An ce kin buɗe makaranta a layin giya." Na fara bayani, ya ce ba a waya ba, in zo.

Abin ya zo daidai, don 'yar Baba ta riga ta shirya ya je Paris ya ga gidan tsofaffin, ta kuma ce za ta kai shi wajen wani gwanin giya, ko a dace. Baba ya ce ba ya shiga jirgin ƙasa shi kaɗai. Haka muka tafi, ni zan je a yi mini faɗa, shi zai je ya ga inda za a ajiye shi. Ya naɗe ɗan tulun a tawul ya rungume shi har muka isa.

Gidan tsofaffin tsaf yake, har da furanni a taga. Baba ko hularsa bai cire ba. Daga nan muka wuce kantin gwanin. Na ce zan jira a waje, sai ruwa ya sauko, na shiga na tsaya bakin ƙofa. Gwanin dogon mutum ne mai gemu, yana magana a hankali kamar likita. Ya sa Baba ya kwatanta masa. Baba ya ce tana da tsami mai daɗi, launinta ya fi na sauran haske, tana rina harshe, kuma za ka iya shan tulu guda ka tashi ka gyara rediyo. Gwanin ya ce shekara talatin yana wannan sana'a, da akwai irin wannan da ya yi arziki. Ya zubo masa kala huɗu, Baba ya ƙi su duka.

Sai Baba ya kwance tawul ya miƙa masa tulun. Gwanin ya tura hancinsa ciki, ya rufe ido. Ya ce an kakkarce cikin, ba a kula da shi ba. Ya sake shaƙa. Ya ce abin mamaki, a ƙarƙashin giyar akwai ƙamshin fure, wani jan fure na ƙasashen zafi, bai san gonar inabin da ke ba da wannan ba. Ya karkata tulun wajen fitila yana nuna wa 'yar Baba yadda cikin ya rine.

Daga inda nake na hango launin. Ba na buƙatar hanci. Launin nan yana cikin tukunyata, yana jikin rariyata, yana ƙarƙashin faratana kowace Talata da Juma'a. Ashe zoɓona Madam take sirka giyar da shi. Na tuna Madam da kofi a wajen taga. Na tuna ba sukari, ba citta, a tace sau biyu. Na tuna yadda jakar kwalabe ta yi ta raguwar nauyi shekara bayan shekara, ina cewa ƙarfi ne nake ƙarawa. Wato ni, 'yar liman, shekara goma sha ɗaya ina haɗa giya da wata tsohuwa, ina kuma alfahari.

Na bar Baba wajen 'yarsa, na wuce Clichy. Yaya na zaune a ɗakin ajiyar kayansa tsakanin buhuna. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duka, har da jakin. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce lemar nan dai ba ta fitar da ni ba, in daina yi wa kaina fatawa. Zoɓon kuwa, abin da mutum bai sani ba Allah ba ya kama shi da shi, amma yanzu na sani. Na ce haka ne, Yaya. Ya ce hannuna kada ya kusanci haɗin nan. Na ce in sha Allahu.

Can ya ce, "Tsohon nan Bafaranshe ne fa, haifaffen nan?"

Na ce tun kakanninsa.

"Kuma shekara goma sha ɗaya bai gane ba?"

Na ce ko sau ɗaya.

Na ga idonsa ya tafi kan wasu buhuna a kusurwa, zoɓo ne da ya kawo daga gida ya ƙi tafiya. Ya yi gyaran murya, ya ce astagfirullah, ya ce in tashi in ci abinci.

Mun dawo Lyon saura mako uku a auna Baba. Kwana biyu ina juya maganar. In na yi shiru za a ɗauke shi. In na faɗa na tona asirin matar da ba ta nan balle ta kare kanta, kuma ban san yadda namiji zai ɗauki labarin cewa an yi shekaru ana yi masa wayo a kan teburinsa ba. Ita ma haushinta nake ji, don ta sa ni cikin abin da ba ta tambaye ni ba. Kuma ina kewarta. Ranar Juma'a na ɗora tukunya, ba sukari, ba citta, na tace sau biyu, na hau da shi da kwanon shinkafa.

Na ajiye kwalbar a gabansa na faɗa masa tiryan-tiryan. Bai yarda ba. Ya ce ya san giya tun kafin a haifi uwata. Na ce to ya ba ni tulun. Na kai shi wajen taga, don maganar gwanin ta tsaya mini a rai, Madam ba mai wulaƙanta kaya ba ce. Ba karcen sakaci ba ne. Layuka ne ƙanana a jere, an ja su da bakin wuƙa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na farko a tsakiyar tulun. Na ƙarshe bai fi yatsa ɗaya daga gindi ba.

Baba ya sa tabarau, ya tura yatsa ciki yana ƙirgawa. Goma sha ɗaya, kowace shekara da nata layin: nan giya take tsayawa, sauran zoɓo ne. Ya ce likita ya hana shi sha bayan aikin zuciyar, shi kuma ya rantse gara ya mutu, suka yi faɗan da ba su taɓa yi ba. Washegari ta kawo tulun cike. Shi a zatonsa ya ci nasara.

Na ce, "Ni dai ba zan haɗa ba, Baba. Ga zoɓo na kawo wa maƙwabci. Abin da ya biyo baya tsakaninka da Allah." Na juya baya ina kallon taga. Na ji ƙarar kwalba ɗaya, ta jaki, gajeriya. Na ji ta biyu, doguwa. Na ji ya kurɓa.

Na waiga. Yana riƙe da kofin da hannu biyu, yana kallon kujerar Madam, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Maƙaryaciya." Ya ƙara kurɓa, ya sake faɗa, a hankali. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan ya share fuska ya jawo kwanon, ya ce shinkafar ta huce amma ba laifi. Bai bar ko ƙwara ba.

Da aka auna shi ya ƙaru. 'Yarsa ta ce a bar shi tukuna, kuma har yau tukunan nan muke ciki. Bai gaya wa kowa sirrin ba. Abokansa na jifan ƙwallo suna hawa ya zuba musu daga tulun, su yi ta gyaɗa kai suna gardamar ko daga wace gona take, shi kuma ya ce musu 'yarsa ta ƙasan bene ce take zaɓo masa. Daga nan masifata ta samo asali. Sukan tare ni da jakar shara a hannu su ce wacce zan ba su shawara bana. Na ce ban sani ba, ba na sha. Sai su ce ai manyan gwanaye haka suke, ba sa haɗiyewa.

Da ranar aikin zuciyarsa ta kewayo ya kira ni. Tulun na kan tebur, an wanke, ga ƙaramar wuƙar Madam a gefe. Ya ce ita ba ta taɓa tsallake shekara ba, shi kuma hannunsa yana rawa. Na ɗauki wuƙar na leƙa. Ƙarƙashin layin ƙarshe ba sauran bango, sai gindin tulun. A nan na ja nawa.

Na ce, "Baba, nan fa ba sauran wurin giya."

Ya leƙa, ya daɗe. Ya ce, "To cika shi."

Na kai tulun kicin na sake wanke shi sau bakwai, yana jira bai ce don me ba. Na cika shi da hannuna, zoɓo zalla. Ya ɗauko kofi biyu, ya ja kujerar Madam baya kaɗan, ya tsaya har na zauna. Ya kurɓa nasa ya ce ta bana ba ta gama nuna ba, amma za ta yi. Na kurɓa nawa. Shekara goma sha biyu ina dafa shi ban taɓa kai shi baki ba, kuma gaskiyata ce tun farko, babu daɗi ko kaɗan. Na shanye, na miƙa masa kofin.